Malamin da Aka Ɗauko Don Kada Ya Yi Koriyanci: Shaidata Daga Koriya ta Kudu

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata jami'a a Koriya ta Kudu, kuma har gobe ɗalibi ne a harshen ƙasar. 'Yan'uwa malamai daga gida kan tambaye ni yadda zaman yake, kuma tambayar ba ta cika wuce albashi da sanyi ba. Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi a wurina. Aikin da ya kai ka can shi ne zai shiga tsakaninka da harshen mutanen. An ɗauko ka ne don ka yi Turanci ko Larabci ko Faransanci a aji. Ɗalibai na son gwada Turancinsu a kanka ko da a bakin titi kuka haɗu. Ofis zai haɗa ka da wani matashi da zai riƙa cike maka takardu. Waya za ta fassara maka allon kanti. Da haka sai ka ga malami ya daɗe a ƙasar bai iya karanta takardar albashinsa ba, alhali haƙƙinsa da kuɗinsa da abin da yake sa wa cikinsa duk da Hangul, wato rubutun Koriyanci, aka rubuta su. Na ga wannan a kan malamai baƙi da yawa, Turawa da baƙar fata, shi ya sa na ga ya kamata in ba da shaida.

Bari in fara da ƙofar shiga, domin a nan ake cin kuɗin mutanenmu. Bizar da aka fi sani ta malaman harshe ita ce E-2. Ga mai koyar da Turanci, an gina ta ne a kan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, New Zealand, Ireland da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, Ghana ba ta ciki, ko da kuwa digirinka na Turanci ne kuma ka fi Baturen iya nahawu. Duk dillalin da ya ce zai samo maka koyar da Turanci da fasfon Najeriya a makarantun kuɗi na bayan an tashi, waɗanda ake kira hagwon, ka riƙe kuɗinka. Haka abin yake ga EPIK, shirin da tun 1995 yake rarraba malamai baƙi a makarantun gwamnati. Ƙofar da ta fi buɗuwa gare mu ita ce jami'a, da bizar E-1 ta malaman manyan makarantu, wadda a aikace sai mai digiri na biyu ko na uku. Wasu kuma ta karatu suke bi: su samu gurbin GKS na gwamnatin Koriya, wanda yake farawa da shekara guda ta koyon harshe, su gama digiri, sannan su nemi aiki. Ana ma koyar da Hausa a can. Jami'ar Hankuk ta Nazarin Ƙasashen Waje tana da sashen nazarin Afirka a harabarta ta Yongin, inda ake koyar da Swahili da Hausa da Zulu.

Takardu na cin lokaci. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar da ke sa hatimi ɗaya ya wadatar, saboda haka takardun digirinka sai sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Koriya a Abuja. Ana kuma neman shaidar gwajin tarin fuka. Shekarar karatu a can a farkon Maris take farawa, zango na biyu a farkon Satumba, don haka mai son shiga aji a Maris ya fara zirga-zirgar Abuja tun kafin ƙarshen shekara.

Da ka sauka a filin jirgin saman Incheon, doka ta ba ka kwana 90 ka yi rajistar baƙi ka karɓi katin zama. Kada kwana 90 ɗin nan su yaudare ka. Sai ka kama lokaci a shafin HiKorea kafin ofishin shige da fice ya saurare ka, kuma a Maris da Satumba ɗalibai baƙi kan cinye guraben makonni. Bayan an karɓi takardunka ma katin kan ɗauki wasu makonni. Kafin ya fito ba ka da layin waya na dindindin da sunanka, kuma kusan komai a intanet ɗin Koriya, daga sayen kaya a kantin intanet na Coupang har shiga shafin gwamnati, sai an tantance ka ta lambar wayarka. A nan ne sunayenmu ke jawo matsala. Idan katin zama ya ce IBRAHIM MUHAMMAD SANI, banki ya rubuta MUHAMMAD SANI IBRAHIM, kamfanin waya kuma ya haɗe biyu ba tazara, na'ura za ta ce mutum uku ne ku, ta ƙi ka. Ka tsaya a kan ma'aikacin banki da na waya su kwafi sunan harafi bayan harafi daga katin, da manyan baƙaƙe, da tazara inda take. Gyaran daga baya yana nufin komawa kowane ofishi da ƙafarka a lokacin aiki.

Kalmar farko da nake so kowane malami ya iya karantawa a takarda ita ce man, wato 만. Koriyawa ba da dubu suke ƙidaya manyan kuɗi ba, da dubu goma suke yi. Idan aka rubuta albashi 250만, won 2,500,000 ke nan. Mai ƙidaya da dubu sai ya yi kuskuren sifili guda, kuma sifili guda a kuɗin haya ba wasa ba ne. A takardar albashi kuma ka nemi layin geongang boheom, inshorar lafiya, wadda take kusan kashi 7 cikin 100 na albashi, kai rabi ma'aikata rabi. Ka nemi layin haraji, da na fansho, wanda shiga cikinsa da karɓar kuɗinka idan za ka tafi ya danganta da ƙasar da fasfonka ya fito. Idan ka ga kashi 3.3 kawai aka cire ba wani layi, an yi maka rajista ne a matsayin mai zaman kansa, ba ma'aikaci ba, ma'ana ba a biya maka inshora. Wannan dabara ce da wasu ƙananan makarantun kuɗi ke yi wa malaman da ba su iya karatu ba. Akwai kuma kuɗin sallama, toejikgeum: wanda ya cika shekara guda cif yana da haƙƙin albashin kwana 30 a kan kowace shekara. Wanda aka sallama a wata na goma sha ɗaya ba shi da ko won. Saboda haka ka dubi ranar farawa da ranar ƙarewa a kwantiragi da idon basira, ka kuma sani cewa idan akwai saɓani tsakanin kwafin Turanci da na Koriyanci, kwantiragi da yawa sun rubuta cewa na Koriyancin ne hujja. Lambar Ma'aikatar Ƙwadago 1350, ta shige da fice 1345, kuma ta biyun ana amsa ta da Turanci da Faransanci da Larabci. Koyar da ɗan maƙwabci a gida don ƙarin kuɗi ba tare da izinin shige da fice ba laifi ne da kan kai ga tara ko kora, komai ƙanƙantar kuɗin.

Gida kuwa, idan makaranta ba ta ba ka ba, yawanci ɗaki ɗaya za ka kama a tsarin wolse: ka ajiye kuɗi mai kauri a hannun mai gida, miliyoyin won, sannan ka riƙa biyan haya wata-wata, ban da gwanribi na kula da gini. Kuɗin ajiyar nan ana mayar da shi ranar tashi, amma don ya tsira idan bashi ya ci ginin, sai ka kai rahoton sabon adireshinka cikin kusan mako biyu, ka kuma sa a buga wa takardar hayar hatimin kwanan wata da ake kira hwakjeong ilja. Dillali ba lallai ya tuna maka ba. Shara ma tana da doka. Tun 1995 ake zubar da ita a cikin leda ta musamman da ake saya a kanti, kuma kowace gunduma da tata ledar. Ragowar abinci daban, robobi da gwangwani daban, amma ƙashi da ɓawon ƙwai ba sa shiga ragowar abinci. Mafi yawan rigimar baƙo da maƙwabta daga nan take tashi, kuma sanarwar tana manne a ƙofar gini da Hangul.

To, ga shi kuwa Hangul ba shi da wuya. Sarki Sejong ne ya sa aka ƙirƙire shi a 1443, aka fitar da shi ga jama'a a 1446. Baƙaƙe 14 ne da wasula 10, idan aka haɗa da masu ninki su zama 40, ana tara su gaɓa-gaɓa a cikin murabba'i. Mai himma zai haddace su a mako guda, kuma ina roƙon duk mai shirin tafiya ya yi haka tun yana gida. Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja, wadda aka buɗe a 2010, tana da azuzuwan harshe. Ka kuma bar rubuta Koriyanci da boko da wuri, domin boko yana ɓoye bambancin da kunne ke buƙata. Seoul ɗin nan da muke karantawa kamar gaɓa uku, gaɓa biyu ce, kuma wasalin farko, ㅓ, ba o ba ne irin na ㅗ. Baki a buɗe ake yin sa ba tare da an tsuke leɓe ba.

Wahalar tana farawa ne bayan haruffa, domin ba yadda aka rubuta ake furtawa ba. Baƙin da ya rufe gaɓa, wanda suke kira batchim, yana sauyawa gwargwadon wanda ya biyo shi. An rubuta gamsahapnida, ana cewa gamsahamnida. An rubuta gukmul, romo, ana cewa gungmul. An rubuta gat-i, tare, ana cewa gachi. Unguwar da aka rubuta Jong-ro, Jongno ake kiranta. Wanda bai zauna ya koyi waɗannan ƙa'idojin ba zai san kalma a takarda, a faɗe ta a gabansa bai gane ta ba, ya ɗauka kunnensa ne ba kyau. Ƙa'idojin ba su da yawa, kuma a wata na farko ya kamata a gama da su.

Bahaushe yana da riba da asara a furuci. Koriyanci yana raba baƙaƙe gida uku: dal wata, tal abin rufe fuska, ttal 'ya mace, bul wuta, pul ciyawa, ppul ƙaho. Kunnen da ya saba raba k da ƙ, d da ɗ, ya riga ya yarda cewa irin wannan bambanci yana canza ma'ana, abin da Bature kan daɗe yana gardama da shi. Sai dai masu ninkin nan ba ƙ ba ne, ba ɗ ba ne. Maƙogwaro ake ɗaurewa a saki sautin ba iska. Ka riƙe siririyar takarda a gaban baki: tal zai kaɗa ta sosai, ttal ba zai motsa ta ba. Riba ta biyu ita ce karin sauti. A bakin mutanen Seoul na yanzu, gaɓar da ta fara da baƙi mai laushi kamar dal ƙasa take sauka, mai iska da mai ninki kuma sama suke hawa, kuma kunnen da ya tashi da Hausa yana kama wannan da wuri. Asarar ita ce p. Koriyanci ba shi da f ko kaɗan, mu kuma bakinmu kan zame daga p zuwa f. Idan ka ce ful maimakon pul, ba za su san abin da kake nufi ba. Wannan sai an tsaya gaban madubi ana haɗa leɓe biyu gam.

A nahawu, aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, bayan aikau da karɓau, kuma kowane suna yana ɗauke da ɗafa-ƙeya da ke nuna aikinsa. Abin da ke ɗaure wa masu koyo kai shekara da shekaru shi ne bambancin ɗafa-ƙeyar eun/neun da ta i/ga, domin littattafan da aka rubuta da Turanci suna ta kewaye-kewaye a kai. Mai Hausa ba ya buƙatar kewayen. Jeoneun gyosa-imnida yana daidai da "ni dai malami ne". Jega gyosa-imnida kuwa "ni ne malamin". Ɗaya yana ɗaga abin da za a yi magana a kai, ɗaya yana nuna shi ne ba wani ba. Ba a ko'ina suke dacewa ba, amma a mafi yawan jimlolin yau da kullum wannan awo yana aiki, kuma shi ya sa nake cewa ka riƙa auna Koriyanci da Hausa kai tsaye, kada ka bi ta Turanci. A kalmomi ma akwai hanya. Fiye da rabin kalmomin harshen daga Sinanci suka samo asali, gaɓa ɗaya tana riƙe ma'ana ɗaya a wurare da yawa. Hak karatu ne: hakgyo makaranta, haksaeng ɗalibi, daehak jami'a, banghak hutun makaranta. Wanda ya yi Larabci ya san yadda darasi da madarasa da mudarrisi suke fita daga saiwa guda, to haka zai tara kalmomin nan dangi-dangi maimakon ɗaya-ɗaya. Ƙidaya kuma iri biyu ce, hana, dul, set ta gida da il, i, sam ta Sinanci, kuma a faɗin lokaci ana haɗa su: awa da ta gida, minti da ta Sinanci. Malamin da zai ce wa ɗalibai jarrabawa ƙarfe uku da minti talatin dole ya iya duka biyun.

Girmamawa a cikin aikatau take zaune, kuma a nan ne ake auna tarbiyyarka. Akwai ƙarshen -mnida na taro da sanarwa, akwai -yo na ladabin yau da kullum, akwai banmal na abokai da yara. Ka fara da -yo ka zauna a kai. Wanda ya koyi magana daga fina-finai yakan kwaso banmal ya watsa wa shugaban sashe, su yi shiru, amma sun rubuta a zuci. Wasu aikatau ma canzawa suke yi gaba ɗaya ga babba: yaro meokda yake yi idan yana cin abinci, dattijo deusida, yaro jada idan yana barci, dattijo jumusida. Ba a ce wa babba "kai", ba a kiran sunansa tsirara. Sunan dangi ake haɗawa da muƙami da -nim: Kim gyosunim ga malamin jami'a, ko seonsaengnim ga kowane malami. Kai kuma ba ka liƙa wa kanka -nim a gaban manya. Wanda ya tashi a gidan da ba a faɗin sunan uba ko na suruki, ana ce wa babba "ku", wannan ba baƙon abu ba ne a gare shi, kuma na lura mutanenmu sun fi wasu baƙin saurin samun shiga a ofis saboda shi. Miƙa abu da hannu biyu, ɗan sunkuyawa, barin babba ya fara cin abinci, duk mun zo da su daga gida. Tambayar shekaru a haɗuwar farko ma ba rashin kunya ba ce, suna neman sanin da wane mataki za su yi maka magana.

Abin da ba mu zo da shi ba shi ne gane "a'a" tasu. Ne, wato "e" ɗinsu, yana iya zama "ina jin ka" kawai. Idan ka nemi a canza maka jadawali aka ce saenggakhae bolgeyo, zan yi tunani, ko jom eoryeoul geot gatayo, kamar zai ɗan yi wuya, to an ƙi ne cikin ladabi, kuma matsawa a gaban mutane ba ya buɗe ƙofa. Ka je kai kaɗai, tun kafin a buga jadawali. Sanarwar ofis kuma ta manhajar saƙo ta KakaoTalk take zuwa, sau da yawa a ƙurarren lokaci, takardu kuma a tsarin HWP da kwamfutarka ba za ta buɗe ba sai ka sa manhajarsa. Malamin da ba ya karanta rukunin KakaoTalk na sashensa shi ne zai zo aji ranar da aka soke darasi.

A aji za ka tarar da shiru. Ba raini ba ne, ba kuma rashin sani ba. Yaran sun fito ne daga shekarun shirin Suneung, jarrabawar shiga jami'a da ake yi ranar wata Alhamis a Nuwamba, wadda har tashin jiragen sama ake dakatarwa lokacin sashen sauraren Turanci. Sun saba da amsa ɗaya daidai, kuma kuskure a gaban tsara abin kunya ne. Idan ka jefa tambaya ga aji duka ba mai ɗaga hannu. Ka raba su biyu-biyu, ka ba su minti biyu su tattauna, sannan ka kira suna daga rajista. Ka koyi furta sunayen daidai, kada kuma ka rubuta sunan kowa da jan biro, domin ana danganta hakan da mamaci. Maki abu ne da ake kai ƙara a kansa, tunda jami'o'i da yawa sun ƙayyade yawan waɗanda za su iya samun A a aji, don haka ka rubuta yadda za ka raba maki tun makon farko ka adana kowace takarda. Ranar Malamai 15 ga Mayu ce, amma tun 2016 dokar hana kyauta ga ma'aikata ta haramta wa malami karɓar kyauta daga ɗalibin da yake ba maki, ko da gwangwanin kofi ne. Ka mayar cikin fara'a, su ma sun san dokar.

Ga Musulmi, karatun Hangul maganar halal da haram ce. Ka haddace 돼지고기, dwaejigogi, naman alade, tun kafin ka iya gaisuwa. A bayan ledar abinci akwai layin da ke lissafa abubuwan da ke ciki masu tayar da rashin lafiya, yana ƙarewa da 함유, wato "yana ɗauke da", kuma naman alade yana cikin waɗanda doka ta tilasta a bayyana. A jadawalin abincin makaranta lambobi ake sawa a gefen kowane abinci, lamba 10 ita ce alade. Ka kuma kula da 젤라틴, wato gelatin, a alewa da yogot, da 라드 wato kitsen alade, da 맛술 giyar girki. Gimbap da ake gani kamar shinkafa da ganye yawanci da yankan naman alade a ciki, haka miyar kimchi, haka mandu, ƙullin fulawa mai nama a ciki, haka taliyar leda da yawa. Ppae juseyo, a cire min, yana aiki ga gimbap da ake naɗawa a gabanka, amma ba ya aiki ga miyar da aka dafa da romon tun safe. Kifi da kayan teku da tofu su ne mafita a yawancin gidajen abinci. Naman halal daskararre ana samunsa a kantunan da ke kewaye da Babban Masallacin Seoul a Itaewon, wanda aka buɗe a 1976, da Ansan, ana kuma aikowa har gida. Tarayyar Musulmin Koriya, KMF, ita ke ba da shaidar halal da aka fi sani.

Cin abincin dare na ma'aikata, hoesik, shi ne inda aka fi jarraba mutum, domin yawanci gasasshen naman alade ne da giyar soju. Jimla ɗaya tana raba gardama: jonggyo ttaemune sureul mot masyeoyo, saboda addini ba zan iya shan giya ba. Ka ce mot, ba an ba. An yana nufin ba ka so ne, sai a yi ta lallashi. Mot yana nufin an hana ka, sai a kawo maka lemo. Ka faɗa tun ranar farko ga shugaban sashe, kada ka fake da ciwon ciki, domin gobe za a tambaye ka ko ka warke. Ko za ka zauna a irin wannan teburi ko ba za ka zauna ba, wannan kowa da abin da ya ɗauko a wurin malamansa. Wanda ba zai je ba ya rama da cin abincin rana tare da abokan aiki da sayen kofi, don a nan ma ana ƙulla zumunci.

Alƙibla a Koriya yamma take, ta ɗan karkata arewa, saboda haka jikin da ya saba fuskantar gabas sai an tuna masa. Juma'a ranar aiki ce, kuma idan garinku ba masallaci sai ka nemi ɗakin salla na ɗalibai baƙi. A watan Yuni alfijir kan keto wajen ƙarfe uku da 'yan mintoci, rana ba ta faɗuwa sai kusan takwas, a Disamba kuwa magariba tana yi da biyar da kwata, azahar da la'asar da magariba duk su faɗo cikin lokacin aiki. Koriya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 8, don haka lokacin da iyali suka tashi kai ka yi azahar, lokacin da suka zauna hira da dare kai kana tsakiyar barci. Wannan tazara tana ƙara kaɗaici, musamman a hutun Chuseok da Seollal da gari ke watsewa kowa ya tafi wurin danginsa. Kallo ma za ka sha shi, musamman a wajen manyan birane, wani na mamaki ne, wani ba na alheri ba, kuma ƙasar ba ta da cikakkiyar dokar hana wariya da za ka kai kuka a ƙarƙashinta idan mai gida ya ƙi ba ka haya. Ba zan ɓoye wannan ba. Abin da na gani shi ne jimla biyu na Koriyanci mai ladabi suna sauya fuskar mutane da yawa, ba duka ba.

Sanyi kuwa a Janairu yakan kai digiri 10 ƙasa da sifili a Seoul. Ɗumin ɗaki daga ƙasa yake fitowa, ruwan zafi ne ke zagayawa a bututu ƙarƙashin daɓe, ondol ke nan. Idan za ka yi tafiya kada ka kashe tukunyar, ka danna 외출, wato maɓallin fita waje, ka bar famfo yana ɗiga, in ba haka ba bututu ya daskare ya fashe, gyaran kuma a wuyanka.

Saura tambayar yaushe mai aiki zai yi karatu. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Koriyanci cikin mafi wuyar harsuna ga mai Turanci, awa 2,200 na aji. Mai yin awa ɗaya kullum shekara shida ke gabansa, don haka kada wanda ya yi wata shida ya yanke ƙauna. Cibiyoyin harshe na jami'o'i sun fi ko'ina inganci, zango na mako 10, awa 4 kullum, awa 200 ke nan, amma galibi da safe ake yi, daidai lokacin da kake aji, sai dai a dogon hutu. Abin da ya dace da ma'aikaci shi ne KIIP, shirin koyar da baƙi harshe da zaman ƙasar na Ma'aikatar Shari'a da aka fara a 2009, wanda yake da azuzuwan dare da na ƙarshen mako. Matakin share fage awa 15 ne, mataki na 1 zuwa na 4 awa 100 kowanne, na 5 kuma darasin al'umma da dokokin ƙasa. Sai ka halarci kashi 80 cikin 100 kafin ka zauna jarrabawar mataki. Ana yin gwajin tantancewa a farko, kuma gurabe kan cika cikin mintoci ranar da aka buɗe rajista, don haka ka zauna gaban kwamfuta kafin lokacin. Musayar harshe da ɗan ƙasa tana da amfani idan an sa agogo, minti 30 naka minti 30 nasa, in ba haka ba ta koma darasin Turanci kyauta. Ka kuma ware wuraren da ba ka yin Turanci ko an yi maka: kasuwar unguwa, kantin magani, wurin mai wanki, ƙungiyar masu hawan dutse ta ranar Asabar. Dattawan kasuwa ba sa sauƙaƙa maka magana, kuma abin da kake buƙata ke nan.

Jarrabawar da ake auna Koriyanci da ita ita ce TOPIK, kuma iri biyu ce. Ta farko sauraro ce da karatu, maki 200: 80 mataki na 1, 140 mataki na 2. Ta biyu ta ƙara rubutu, maki 300: 120 mataki na 3, 150 na 4, 190 na 5, 230 na 6. Malamai baƙi a rubutu suke zubar da maki, domin kunnensu ya buɗe a titi amma hannu bai taɓa aiki ba. Tambayoyi huɗu ne, masu lamba 51 zuwa 54, cikin minti 50, ta 53 bayanin jadawalin alƙaluma ne da gaɓa 200 zuwa 300, ta 54 muƙala ce mai gaɓa 600 zuwa 700, a kan takarda mai gidaje da kowace gaɓa da kowace tazara ke cin gida guda, kuma da salon rubutu mai ƙarewa da -da, ba -yo da bakinka ya saba ba. Ka sayi irin takardar ka riƙa gwadawa da agogo, ka fara da ta 53 domin tsarinta ba ya canzawa sosai. Matakin TOPIK ko na KIIP yana ƙara maka maki idan za ka nemi bizar zama ta F-2-7, wadda ke kwance ka daga igiyar ma'aikata guda, kuma sakamakon TOPIK shekara biyu kawai yake aiki, saboda haka ka daidaita zaman jarrabawar da lokacin da za ka shigar da takardun bizar.